Tiyatar ƙugu ga kare mai ƙafa uku: yadda za ka zaɓi aiki da yadda za ka yi jinya a Kaduna

Kare mai ƙafa uku ba baƙon abu ba ne a Kaduna. Wani mota ce ta kwashe shi a titin Nnamdi Azikiwe, wani tarkon waya ne ya cinye masa ƙafa a farauta, wani kuma ciwon daji ne ya kama ƙashi har likita ya ce sai an yanke. Yawancinsu cikin 'yan makonni suke warwarewa, su koma gadinsu da guje-gujensu. Tashin hankalin yana zuwa ne ranar da ƙugun ɗaya daga cikin ƙafafun da suka rage ya fara ciwo. Kare mai ƙafa huɗu in aka yi masa aiki a ƙugu, ɗage ƙafar yake yi ya dinga tafiya da uku har ta warke. Naka ba shi da wannan rarar. Duwatsun murhu ne guda uku, in ka zare ɗaya tukunya ta kife. Saboda haka duk shawarar da za ka yanke, ka faro lissafinta daga washegarin tiyata: da me zai tsaya, wa zai tallafe shi ya fita fitsari, kuma har tsawon mako nawa.

Fara da ƙafar da babu

Lafiyayyen kare yana ɗora wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, kashi 40 a na baya. In ƙafar baya ce aka yanke, ɗayar da ta rage takan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jiki, kuma ita kaɗai ce ke tura shi gaba, ita ke ɗaga shi in zai tashi daga kwance. In wannan ƙugun ne ya lalace, to lamarin ya kai maƙura, domin bayan tiyata babu abin da zai riƙe bayansa sai hannunka. In kuwa ƙafar gaba ce babu, da ɗan sauƙi: yana da ƙafar baya guda mai lafiya, amma da wuya kare ya iya tafiya da ƙafa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, musamman in a gefe guda suke. Shi ma tallafi zai buƙata, sai dai kwanakinsa ba za su kai na wancan ba.

Dalilin yanke ƙafar ma yana da nasa nauyin. In haɗari ne, shi ke nan. In ciwon dajin ƙashi ne, ka nemi a ɗauki hoton ƙirji kafin a yi maganar ƙugu, don wannan ciwo zuwa huhu yake yaɗuwa, kuma karen da aka yanke wa ƙafa ba tare da ƙarin magani ba yawanci 'yan watanni ne ke gabansa. Ba adalci ba ne ya ƙarar da su a jinyar tiyata.

Tabbatar cewa ƙugun ne

Masu kare da yawa da sun ga baya yana rawa sai su ce ƙugu. Sau da dama jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta tsinke, ko kuma ƙashin baya ne ke danne jijiya can wajen kwankwaso, abin da ya yi yawa a manyan karnuka irin su Alsatian. Akwai gwajin da za ka iya yi a gida. Sa masa takunkumi tukuna, don kare mai jin zafi ko maigidansa yana cizo. Wani ya tallafe shi ta ƙarƙashin ciki, kai kuma ka lanƙwasa dagin ƙafar bayan ta yadda zai taka da bayan yatsu. Lafiyayyen kare nan take yake gyara takunsa. In ya bar shi haka na 'yan daƙiƙu kamar bai san an juya ba, to akwai matsalar jijiyar da ke kai saƙo daga ƙashin baya, kuma yanke ƙashin ƙugu ba zai magance ta ba. Ka gaya wa likita abin da ka gani. Ka kuma ɗauki bidiyonsa da waya yana tashi daga kwance da sassafe, yana tafiya daga gefe da kuma daga baya, domin a asibiti tsoro kan sa kare ya ɓoye ɗingishinsa.

Kada ka kai shi wurin mai ɗori. Gaɓar ƙugu tana can cikin tsoka, ba a ɗaure ta da karare, ja da murɗa kuma sai dai su ƙara yaga abin da ya rage. Kada kuma ka shiga kemis ka sayo masa maganin mutane: ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare suna kashe ƙoda, farasitamol ma sai da awon likita.

Asibiti, hoto da jini

Likitan dabbobin unguwa zai iya dubawar farko, amma aikin ƙashi na mai yin sa a kai a kai ne. Mu a Kaduna mun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, Zariya kuwa wajen kilomita 80 ce daga nan. Jami'ar Abuja ma tana da tsangayar likitancin dabbobi. Ka nemi likitanka ya rubuta maka takardar turawa, ka kira kafin ka kama hanya, ka kwantar da karen a kan katifa a kujerar baya, ba a but ba. Duk wanda zai sa masa wuƙa, ka tabbata yana da rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Masu sayar da maganin kaji da ke amsa sunan dakta sun yi yawa.

Hoton ƙashi na ƙugu sai an yi wa kare allurar kwantar da jiki, a ɗauka ta fuska biyu, yana rigingine da kuma ta gefe. Ka roƙi a haɗa da gwiwa da ƙarshen ƙashin baya tunda an riga an kwantar da shi. Hoton ne zai nuna ko kan ƙashin cinya ya goce daga gurbinsa, ko wuyansa ya karye, ko kuma gurbin ne tun asali bai yi zurfi ba har guringuntsi ya cinye, amosani ya shiga.

Gwajin jini ba ƙari ba ne a ƙasarmu. Kaska tana ɗauke da cututtukan da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, da wadda ke rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Kare zai iya yawo da su a ɓoye, sai an tsaga shi jini ya ƙi tsayawa. In aikin ba na gaggawa ba ne, a fara magance wannan. A duba ƙoda da hanta kuma, domin su za su ɗauki nauyin allurar barci da magungunan zafi na makonni.

Hanyoyin da ke gabanka

Ta farko ita ce a ƙi yin tiyata, kuma ga kare mai amosanin ƙugu wanda har yanzu yana iya tashi da kansa, ni ita nake ganin ya kamata a fara gwadawa na wata biyu ko uku. Rage ƙiba ne ginshiƙinta. Ka shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, in ka leƙo shi daga sama kuma ka ga ciki ya ɗan tsuke. Karen da ke cin ragowar tuwo da shinkafa da mai na gida duka, cikin sauƙi yake tara kilo uku ko huɗu da ƙugu ɗaya zai ɗauka. Sai maganin zafi na karnuka, irin su meloksikam ko kafurofen, wani lokaci a haɗa da gabafentin. Kada a taɓa haɗa su da deksametason ko firednisolon, haɗin yana sa ciki ya yi jini. In an gwada wannan da gaske, kare ya ci gaba da kuka in zai tashi, ko ya fara fitsari a kwance, lokacin aiki ya yi.

In gocewa ce sabuwa, ta haɗarin mota misali, kada ka yi jinkiri. A kwanaki uku zuwa biyar na farko likita kan iya mayar da ƙashin gurbinsa ba tare da tsagawa ba, kare yana cikin barcin allura. Sai dai ko a kare mai ƙafa huɗu kusan rabi sukan sake gocewa, kuma abin da ke hana hakan shi ne a naɗe ƙafar a ɗaure ta sama na kwana 10 zuwa 14. Wannan ɗauri ba ya yiwuwa ga naka. Shi ya sa ga mai ƙafa uku an fi karkata ga a tsaga, a mayar da ƙashin, a huda shi a zura zare mai ƙarfi da ɗan ƙarfe da zai maƙale a bayan gurbin, ya tsaya a madadin jijiyar da ta tsinke. Amfanin wannan aiki shi ne kare na iya taka ƙafar da wuri, gaɓarsa ta asali kuma tana nan. Sharaɗinsa gurbin ya kasance mai kyau. In da ma lalatacce ne, zaren ba zai riƙe ba.

Aikin da za ka fi jin an ambata shi ne yanke kan ƙashin cinya, wanda likitoci ke rubutawa FHO. Ana cire dunƙulallen kan da wuyansa gaba ɗaya, ƙashi ya daina gogar ƙashi, zafi ya tafi. Gaɓa kuwa babu ita kuma. Tsoka da tabon nama ne ke haɗuwa a hankali su riƙe cinyar. Yana da arha a kan sauran, ba ya buƙatar kayan waje, likitocin tiyata da yawa sun iya shi. Ya fi kyau ga karen da bai wuce kilo 20 ba, mara ƙiba, mai tsoka, kuma yawancin karnukanmu na gida da na farauta suna kusa da wannan awo. Amma ka ji gaskiyarsa: ƙafar takan ɗan gajarce, ba ta komawa da cikakken ƙarfinta, kuma a makonnin farko ba ta iya ɗaukar nauyi. Ga Rottweiler ko Boerboel mai kilo 45 ko 60 wanda wannan ce kaɗai ƙafarsa ta baya, ina jin tsoron wannan aiki ƙwarai, domin yana iya ƙarewa bai sake tashi da kansa ba. Kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Sai sauya gaɓar gaba ɗaya, THR a takardar likita: a cire kan ƙashin, a sa na ƙarfe, a dasa sabon gurbi na roba mai tauri. Shi ne ke mayar da ƙugu kusa da yadda Allah ya halicce shi, kuma a karnuka masu ƙafa huɗu fiye da kashi 90 cikin 100 suna samun sauƙi sosai. An yi wa masu ƙafa uku an kuma dace, amma haɗarin sabuwar gaɓar ta goce ya fi yawa a wurinsu, tunda daga ranar farko nauyi ke hawanta. Ko a Ingila da Amurka sai asibitocin ƙwararru ke yin sa, kuɗinsa dubban daloli ne, kayan kuma na takamaiman kamfanoni ne da sai an horar da likita a kansu. Sai ƙashi ya gama girma ake yi, kuma ko ƙurji ne a fata ko ruɓaɓɓen haƙori sai an warkar da shi tukuna, don ƙwayar cuta in ta kama ƙarfen sai an cire shi. Duk wanda ya ce zai yi maka wannan aiki, ka tambaye shi guda nawa ya yi da hannunsa, ina kuma zai samo kayan.

In ɗan kwikwiyo ne da bai kai wata goma ba, akwai ayyukan gyara gurbin tun kafin ya lalace. Ka tambaya da wuri don lokacinsu gajere ne.

Ranar yanke shawara kada kunya ta hana ka magana. Ka ce: "Likita, wannan ita ce kaɗai ƙafarsa ta baya. In an yi aikin nan, yaushe zai iya tsayuwa ba tare da na riƙe shi ba? In bai yi ba, me ya rage mana?" Ka tambayi jimillar kuɗi har da hoto na biyu da magunguna, da kuma wa za ka kira in abu ya faru da dare. Likitan da ya ce maka "babu komai, Alhaji, kwana biyu zai tashi" bai yi tunanin ƙafar da babu ba.

Sannan ka tambayi gidanka. Jinyar nan tana son mutum mai ƙarfi safe, rana, yamma da dare na aƙalla mako shida. In kana fita aiki Kakuri tun bakwai ba ka dawowa sai magariba, wa zai yi? In maigadi ne ko yaron gida, a zauna da shi, a nuna masa, a kuma ƙara masa wani abu. In babu kowa, gara magani da keken da zai tallafe masa baya a kan tiyata.

Shirya gida kafin ranar

Ka ware wuri mai inuwa da iska, kamar taku biyu faɗi da tsawo, a kewaye shi. Tayil da siminti mai santsi su ne manyan abokan gaba: zamewa ɗaya tana iya rushe aikin duka. Shimfiɗa tsohon kafet ko tabarmar roba daga makwancinsa har inda zai yi bayan gida. Katifa mai tauri a naɗe da leda, a rufe da tsummokaran da za a dinga canzawa. Da damina ka shanya su a rana tsaka, ka goge da dutsen guga in da hali, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan tsumma mai laima da ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fata.

Abin tallafi shi ne kayan aikinka na farko. Babban tawul ko zani mai kauri ya isa, amma in ka kai wa tela a Kasuwar Barci zai ɗinka maka wanda ya fi: yadi mai ƙarfi, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, da soso a ciki, da hannaye dogaye yadda za ka riƙe kana tsaye ba ka sunkuya ba. Ana zura shi ƙarƙashin ciki dab da cinya. In namiji ne a matsar da shi yadda ba zai toshe masa fitsari ba. Ga wanda ba shi da ƙafar gaba, a ƙara wani a ƙirji. Ka fara koya masa tafiya da shi mako guda kafin aiki, kada ya haɗu da shi ranar da yake cikin zafi. A yanke masa farce, a nemi abin wuya mai siffar mazurari da zai hana shi lasar ɗinki. Ƙaramin bokitin roba da aka cire wa gindi aka naɗe bakinsa da tsumma yana yi. Kai ma ka ware riga da safar hannu na wannan aiki, saboda tsarkin tufafin sallarka. Daren aiki a bi umarnin likita kan awannin da za a hana shi abinci.

Jinya, mako bayan mako

Kwanaki uku na farko na sanyi ne da magani. Ledar fiya wata da ta daskare, a naɗe a tsumma, a ɗora kan ƙugun minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. In babu wuta a sayo ƙanƙara. Maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai ya yi kuka, domin kare mai jin zafi ba ya taka ƙafa, ƙafar da ba a takawa kuma tsokarta zubewa take yi. In ba ya iya juyawa, a juya shi duk bayan awa huɗu don kada ya yi gyambon kwanciya. A fitar da shi fitsari sau huɗu, kai ne ke ɗauke da bayansa, dagin yana taɓa ƙasa kawai.

Daga nan hanya ta rabu, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Wanda aka yanke wa kan ƙashi, motsi yake so tun da wuri. In aka bar shi kwance, tabon zai ƙage, cinyar ta ƙi miƙewa har abada. Wanda aka sa wa zare ko sabuwar gaɓa kuwa tsaro yake so: babu gudu, babu tsalle, babu matakala, na mako shida har zuwa goma sha biyu, kuma ba a buɗa masa cinya gefe. Kada ka ɗauki shawarar maƙwabcin da aka yi wa karensa wani aikin daban.

Ga yadda ake gashin ƙashi bayan yanke kan ƙashi, daga rana ta biyu ko ta uku in likita ya yarda. Kwantar da shi a gefensa, ƙugun da aka yi wa aiki yana sama. Bayan kwana uku a fara da ɗumi: tawul da aka tsoma a ruwan da fatar hannunka za ta iya jurewa, minti goma. Sai ka sa tafin hannu ɗaya a kan ƙugun, ɗayan ya riƙe cinyar sama da gwiwa, ba dagi ba. Tura gwiwar a hankali zuwa ciki, ka tsaya, sannan ka ja cinyar baya sannu a hankali har ka ji ta fara turjewa. Idonka na kan fuskarsa: in ya daina haki ya rufe baki, ko ya waiwayo, ko tsokar ta ɗaure a hannunka, ka kai iyaka, ka riƙe nan daƙiƙa biyar ka saki. Sau 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Ja bayan nan shi ne mai wuya, shi ne kuma mai amfani.

Ana cire zaren ɗinki tsakanin kwana 10 da 14. Daga nan sai tsayuwa da tallafi, kana sassauta tawul kaɗan kaɗan har ka ji nauyin ya koma kansa, ko da na daƙiƙa goma ne. Tafiya minti uku zuwa biyar, sau da yawa a rana, ta fi doguwa guda. Ka sani kare mai ƙafa uku da ɗan tsalle yake tafiya, tafiyar sannu ta fi yi masa wuya, don haka aikin tawul shi ne ya rage dirar kowane tsalle. Wajen mako na uku ko na huɗu a ƙara zauna-ka-tashi sau biyar da ɗan nama a hannu, daga baya a hau gangare mara tsauri. In washegari ya fi jiya ɗingishi, an yi yawa, a koma baya kwana biyu. Da zafin Maris da Afrilu a yi da asuba ko bayan la'asar, ƙasa na ƙona dagi. Da hunturu kuma a daɗe ana ɗumi kafin a fara, gaɓa takan sandare.

Ruwa yana taimako sosai bayan rauni ya rufe. In ya kai tsayin ƙugu yana ɗauke fiye da rabin nauyin jiki. Babban baho ko tankin roba da aka yanke, da tabarmar roba a ƙasa, kana riƙe da shi, minti biyu zuwa biyar. Ban da Kogin Kaduna da kududdufai.

Keke ba gazawa ba ne. Masu walda a Panteka za su haɗa maka da bututu mara nauyi da ƙafafun keken yara in ka kai musu awo: tsayi daga ƙasa zuwa ƙugu, tsawo daga kafaɗa zuwa cinya, da faɗin jiki. A daidaita shi yadda dagin zai dinga taka ƙasa yana turawa, a naɗe duk inda ya taɓa fata da soso, kuma kada a bar shi a ciki ba kowa, don ba ya iya kwanciya. Ga wanda aka sa wa sabuwar gaɓa, sai likita ya amince.

Ka koma asibiti a ranar, ba gobe ba, in rauni ya kumbura yana zafi ko yana fitar da ruwa mai wari, in karen da ya fara takawa ya daina kwatsam, in ƙafar ta juya ko ta gajarce, in yana jan bayan dagi a ƙasa, in ya yi awa 24 bai yi fitsari ba, ko ya yi amai da baƙin kashi, wanda alama ce maganin zafi ya taɓa ciki. A nan ka dakatar da maganin kafin ma ka isa. Hoto na biyu yawanci tsakanin mako shida da takwas ake yi, kuma shi ne zai ba da izinin sakin igiya, ba ganin idonka ba. Bayan yanke kan ƙashi, wata uku har zuwa shida ake ɗauka kafin a san iyakar abin da ƙafar za ta iya, don haka kada a yanke ƙauna a mako na huɗu. Ka dinga auna kaurin cinyar da tef ɗin tela a wuri guda duk mako biyu kana rubutawa, ka kuma duba wuyan ƙafafun gaba, domin su ne ke biyan bashin duk wannan lokaci, kuma in suka fara kumbura ko lanƙwashewa sai a rage tafiya a ƙara motsa jiki cikin ruwa da amfani da keke.